Phil Ivey: inda gwanintar karta ta tsaya, da inda kotu ta ce maguɗi ya fara

A watan Yunin 2024, a birnin Las Vegas na Amurka, Phil Ivey, ƙwararren ɗan wasan karta Ba'amurke, ya ci munduwar zinare ta 11 a jerin gasannin poka na duniya da ake kira WSOP, inda zakaran kowace gasa ke samun munduwa. Mutum ɗaya ne kawai ya fi shi yawan wannan munduwa, wato Phil Hellmuth mai 17. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi zaman tebur da shi suna cewa ba a taɓa yin ɗan karta irinsa ba. Amma shi dai wannan mutumin ne Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke wa hukunci a watan Oktoban 2017 cewa ya yi maguɗi a wani gidan caca na Landan, ta kuma hana shi fam miliyan 7.7 da ya ci. A cikin shekarar ne kuma aka shigar da sunansa jerin gwarazan poka na tarihi.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai ke nan. Alƙalin farko da ya saurari shari'ar ya yarda Ivey gaskiya yake faɗa, ya yarda bai ɗauki abin da ya yi a matsayin cuta ba, bai kuma taɓa katunan da hannunsa ba. To ta ina maguɗin ya shigo? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin wasanni biyu waɗanda duka da karta ake yin su, amma ƙa'idarsu ta sha bamban.

Mene ne poka, kuma da wa ake karawa

Yawancin wasannin gidan caca, ɗan wasa da gidan yake karawa. An tsara lissafinsu ta yadda komai daren daɗewa gidan ne zai ci. Poka ba haka take ba. 'Yan wasa junansu suke ci, gidan kuma ya yanki ɗan kaso daga kuɗin da aka tara a tsakiyar tebur, ko ya karɓi kuɗin shiga gasa. Ko wa ya ci, gidan ya samu nasa.

A nau'in da ya fi shahara, Texas Hold'em, ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a baje biyar a tsakiya waɗanda kowa zai iya haɗawa da nasa: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Kafin kowane mataki da bayansa ana zuba kuɗi. Wanda zagaye ya zo kansa yana iya biyan abin da aka zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye katunansa ya haƙura da abin da ya riga ya saka. Hanyar ci biyu ce: ko katunanka su fi na kowa idan an buɗe, ko ka sa kowa ya janye tun kafin a buɗe. Wannan hanya ta biyu ita ta halatta burga a cikin wasan. Mai riƙe da katunan banza yana iya zuba kuɗi kamar mai riƙe da na kirki, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi, domin duk wanda ya zauna a teburin ya san da haka ya zauna.

Akwai lissafi a ƙarƙashin burgar. A ce dala 100 ce a tsakiya, abokin karawa ya ƙara 50. Kai za ka saka 50 ne don neman 150, saboda haka idan damar cin ka ta wuce kashi 25 cikin 100, biyan ya dace, ko da za ka sha kaye kusan sau uku cikin huɗu. Haka mai burgar da ya zuba daidai abin da ke tsakiya, yana buƙatar abokin karawarsa ya janye sau ɗaya cikin biyu kafin ya fita ba asara. Ƙwararre ba ya auna kansa da hannu ɗaya, wato rabon kati ɗaya, ko dare ɗaya. Da dubban hannuwa yake awo.

Akwai kuma rabe tsakanin gasa da wasan tsabar kuɗi. A gasa kowa ya biya kuɗin shiga, a yi ta fitar da mutane har saura ɗaya, kuma sakamakon a bayyane yake. A wasan tsabar kuɗi mutum ya zauna da abin da ya kawo, ya tashi lokacin da ya ga dama, kuma galibi ba wanda ke rubuta abin da aka ci ko aka rasa.

Daga Atlantic City zuwa Las Vegas

An haifi Ivey ranar 1 ga Fabrairun 1977 a Riverside ta jihar Kalifoniya, ya tashi a Roselle ta jihar New Jersey. Kakansa ne ya fara koya masa karta. Tun bai kai shekara 21 da doka ta gindaya ba yake shiga gidajen cacar Atlantic City da katin shaidar bogi mai sunan Jerome Graham, yana daɗewa a tebur har ma'aikata suka yi masa laƙabi da Jerome marar gida.

Munduwarsa ta farko a 2000 ya ci ta, yana ɗan shekara 23, bayan ya doke tsohon hannu Amarillo Slim a karawar ƙarshe. A 2002 ya ci uku a shekara guda. Sauran sun biyo baya a 2005, da biyu a 2009, da 2010, da 2013, da 2014, sai ya shekara goma bai ƙara ba. A Ostareliya ya lashe gasar Aussie Millions mai kuɗin shiga dalar ƙasar 250,000 har sau uku, a 2012 da 2014 da 2015. Abin da ya ci a gasanni ido da ido ya haura dala miliyan 40.

Babbar gasar shekara ta WSOP, mai kuɗin shiga dala 10,000, ita ce ta gagare shi. Ya zo na 10 a 2003, na 7 a 2009. Yadda ya fita a 2003 ya isa misali a kan rabon sa'a a wannan wasa. Yana riƙe da 9 biyu, Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee da ya samu gurbi ta intanet, yana riƙe da A da Q. Bayan kati na huɗu Ivey ne a gaba nesa, duk kuɗinsa suka shiga tsakiya, damar Moneymaker ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Kati na ƙarshe ya faɗo A. Moneymaker ya wuce ya lashe gasar da dala miliyan 2.5, ganin ɗan koyo ya yi haka kuma ya jawo tururuwar jama'a: mutum 839 suka shiga a 2003, zuwa 2006 sun kai 8,773.

Salon wasansa

Abu na farko da masana ke nunawa shi ne faɗin iliminsa. Cikin munduwa 11 babu ko ɗaya da ya ci a gasar Hold'em zalla, wasan da yawancin mutane suka sani. A wasu nau'o'in poka ya ci su, wato Omaha, da Stud, da nau'in da mafi ƙanƙantar katuna ke ci, da gasannin gauraye inda ake sauya wasa bayan 'yan hannuwa. A irin waɗannan gasanni haddar dabara ɗaya ba ta fitar da mutum. Dole ya gane tushen lissafin da ke ƙarƙashin dukkansu, ya kuma lura da wasan da kowane abokin zama ke da rauni a cikinsa.

Na biyu shi ne matsin lamba. Ivey ba mai jiran katunan kirki ba ne. Yana yawan ƙara kuɗi, yana tilasta wa na gabansa yanke shawara mai tsada. Hannun da aka fi tunawa da shi a kan wannan ya faru a gasar Monte Carlo Millions ta 2005, saura shi da Paul Jackson ɗan Ingila. Ivey na riƙe da Q da 8, Jackson na riƙe da 6 da 5, aka baje J biyu da 7. Babu wanda ya haɗa komai a cikinsu. Duk da haka suka yi ta ƙara wa juna kuɗi, wannan ya ɗora, wancan ya ɗora, har Ivey ya yi dogon nazari ya tura duk abin da ke gabansa. Jackson ya ajiye katunansa. Mai kallo zai ɗauka tsaurin ido ne kawai. Masu fashin baƙin hannun suna ganin lissafi: wanda da gaske yake riƙe da J bai cika yin irin wannan ƙare-ƙaren ƙanana ba, domin ya fi so abokin karawarsa ya ci gaba da zuba kuɗi. Labarin da kuɗin Jackson ke bayarwa bai haɗu ba, Ivey kuma ya ji hakan.

Na uku shi ne kallo. An san shi da ƙarancin magana da kafa wa mutum ido, yana bin hannu, da numfashi, da tsawon lokacin da mutum ya ɗauka kafin ya zuba kuɗi. Kamar dillalin kara ne wanda tun mai saniya bai buɗe baki ba ya gane ko matsuwa ce ta kawo shi kasuwa. Shi kuwa nasa jikin ba ya ba da labari.

A watan Fabrairun 2006 aka ga ƙarfin wannan salo a wasan tsabar kuɗi. Andy Beal, attajirin banki daga Texas, ya daɗe yana ƙalubalantar gungun ƙwararrun Las Vegas da suka haɗa jari don karawa da shi ɗaya bayan ɗaya. Dabararsa ita ce ya ɗaga kuɗin wasan har tsoron asara ya rikita su, kuma a wannan zuwan ya ci su miliyoyi. Da suka turo Ivey, cikin kwana uku ya karɓe dala miliyan 16.6 daga hannunsa.

Masu nazari sun kasu biyu a kan matsayin wannan salo a yau. Tun wajen 2015 manhajojin kwamfuta masu warware lissafin poka suka yaɗu, matasa suka koma koyon wasa daidaitacce wanda ba a iya cin gajiyar rauninsa, ko wane ne a gabansu. A 2017 wata manhaja mai suna Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu, a 2019 kuma Pluribus ta yi haka a tebur mai mutum shida. Ɓangare ɗaya na cewa zamanin karanta fuska ya wuce, suna kafa hujja da cewa Ivey, wanda masu bin diddigin wasan intanet suka ƙiyasta ya ci sama da dala miliyan 19 a shafin Full Tilt zuwa 2011, ya yi asarar miliyoyi a intanet a shekarun da suka biyo baya. Ɗaya ɓangaren na cewa mutum ba kwamfuta ba ne, ba wanda ke iya bin lissafin daidai a tebur, kuma ribar gaske tana wurin wanda ya fi saurin gano inda abokin karawa ya kauce. Munduwar 2024 ta ƙarfafa masu wannan ra'ayi, sai dai a wasan da manhajojin ba su tatse shi kamar Hold'em ba ya ci ta.

Kwana biyu a Crockfords

A ranakun 20 da 21 ga Agustan 2012 Ivey ya je gidan cacar Crockfords da ke unguwar Mayfair a Landan tare da wata ƙwararriyar 'yar caca, Cheung Yin Sun. Ba poka suka je yi ba. Punto banco suka yi, wani nau'i na wasan kartar da ake kira bakara, wanda babu gwaninta a cikinsa ko kaɗan. Ana raba hannu biyu, ɗan wasa ya saka kuɗi a kan wanda yake ganin jimillarsa za ta fi kusa da 9. Katin 10 da masu hoto ba su da maki. Gidan yana da rinjayen da bai wuce kashi 1 da ɗoriya cikin 100 ba, amma rinjaye ne tabbatacce.

Sirrin da Sun ta ƙware a kai yana bayan katunan. Wasu kamfanoni idan sun yanka kati, zanen bayansa ba ya zama daidai a gefe biyu: a gefe ɗaya zanen ya cika, a ɗayan ya ɗan guntule. Bambancin ƙanƙane ne, sai ido mai horo. Idan duk katunan suna fuskantar gefe ɗaya, wannan bai amfani kowa da komai ba. Amma idan aka juya masu daraja, wato 7 da 8 da 9, aka bar sauran yadda suke, to mai kallo zai iya sanin ko katin farko da zai fito daga akwatin rabo mai daraja ne, tun kafin ya saka kuɗinsa.

Ɗan wasa ba ya taɓa kati a wannan tebur, don haka sai an samu wanda zai juya su. Sun ta riƙa yi wa mai rabon karta magana da Kantonanci, tana roƙon ta juya wannan kati ta wannan gefe, wancan ta wancan, wai don neman sa'a. Ivey ya nemi a ci gaba da amfani da katunan nan dai, domin sun karɓe shi, ya kuma nemi a riƙa cakuɗa su da na'ura. Dalilin da bai faɗa ba shi ne na'urar ba ta juya kati, saboda haka tsarin da aka yi ba zai rushe ba. Gidajen caca sun saba biyan buƙatun camfi na manyan baƙi, tunda a ganinsu camfi ba ya canza lissafi. Wannan karon ya canza. Da aka gama jera katuna 416 da ke cikin akwatin, rinjayen ya koma hannun Ivey da kimanin kashi 6.5 cikin 100. Ya ɗaga kuɗin da yake sakawa, ya tashi da fam miliyan 7.7.

Gidan ya duba hotunan kyamara, ya gano abin da ya faru, ya mayar masa da jarinsa na fam miliyan 1, ya ƙi biyan sauran. Ivey ne ya kai ƙara.

Hujjar kowane ɓangare

Ivey bai musanta komai ba. Hujjarsa ita ce shi ɗan wasa ne mai neman rinjaye ta hanyar da doka ba ta hana ba. Bai yi wa kati alama ba, bai sayi ma'aikaci ba, bai shigo da na'ura ba. Duk abin da ya roƙa a fili ya roƙa, gidan yana da ikon ƙi, ya amince saboda kwaɗayin kuɗinsa. Katunan na gidan ne, aibinsu kuma an san da shi a harkar. Idan gidan caca yana rayuwa a kan raunin baƙinsa, me ya sa baƙo ba zai ci gajiyar sakacin gidan ba? Lauyoyinsa sun ƙara da cewa maguɗi ba ya tabbata sai da rashin gaskiya, mutumin da ya yi imani abin da yake yi halas ne a wasa kuwa ba za a ce da shi marar gaskiya ba.

Kamfanin Genting, mai gidan Crockfords, ya ce yarjejeniyar da ke tsakaninsu ita ce wasan sa'a tsagwaronta inda ba wanda ya san katin da zai fito. Wanda ya rushe wannan ya canza wasan zuwa wani abu daban ba da sanin ɗaya ɓangaren ba.

Kotuna uku suka bi ta kan maganar. Mai shari'a Mitting na Babbar Kotu ya ba gidan gaskiya a Oktoban 2014. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2016, alƙalai biyu suka rinjayi ɗaya. Ranar 25 ga Oktoban 2017 alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka haɗu a kan matsaya ɗaya, Lord Hughes ya rubuta hukuncin. Gundarin hujjarsa shi ne Ivey bai tsaya a kan lura ba, ya ɗauki matakin tsara katunan. Da a ɓoye ya buɗe akwatin ya jera su da hannunsa, ba wanda zai yi shakkar maguɗi ne. Cimma wannan buri ta hanyar yaudarar mai rabo ta yi masa aikin ba tare da ta san ma'anarsa ba bai canza komai ba.

A nan bambancin wasannin biyu ya fito. A poka ɓoye niyya yana cikin abin da kowa ya amince da shi, kuma zuciyar abokin karawa ake yaudara, katunan suna nan a cakuɗe yadda ƙa'ida ta ce. A punto banco kayan wasan aka taɓa, wadda aka yaudara kuma ma'aikaciya ce da ba ta cikin cacar. Masu sukar hukuncin har yanzu suna cewa ya sauke wa gidajen caca nauyin kula da kayansu, ya kuma ba su damar da baƙo ba shi da ita: da Ivey ya yi asara kafin tsarin ya kankama, ba wanda zai mayar masa da ko sisi.

A Amurka ma an yi irin ta. A 2012 ɗin, shi da Sun sun ci dala miliyan 9.6 a gidan Borgata na Atlantic City da wannan dabara, kuma can an riga an biya su. Gidan ya kai ƙara a 2014. A 2016 alƙali Noel Hillman ya ce ba su yi zamba ba, amma sun saɓa yarjejeniyar bin dokar caca ta jihar New Jersey, ya umarce su su mayar da dala miliyan 10.1. A 2019 aka riƙe kuɗin da Ivey ya ci a wata gasar WSOP saboda wannan bashi. A 2020 suka sasanta, ba a bayyana sharuɗɗan ba.

Abin da ya shafi wanda bai taɓa zama a teburin ba

Babban tasirin shari'ar Landan ba a gidan caca ya tsaya ba. Tun 1982 kotunan laifuka na Ingila suna bin wani ma'auni daga shari'ar Ghosh: kafin a ce mutum ya yi rashin gaskiya, sai an nuna shi kansa ya san mutanen kirki za su ɗauki aikinsa a haka. Kotun Ƙoli ta ce wannan sharaɗi kuskure ne, domin yana nufin duk wanda tunaninsa ya fi karkacewa ya fi samun mafita. Yanzu kotu za ta fara gano abin da mutum ya sani game da lamarin, sannan ta auna aikinsa da mizanin mutanen kirki, ko ya yarda da mizanin ko bai yarda ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a 2020 a shari'ar Barton da Booth. Da shi ake aiki a shari'un sata da zamba, da kuma ladabtar da likitoci da lauyoyi.

Sai maganar kuɗi, inda alƙaluma ke ruɗar mai karatu. Jimillar da ake wallafawa ta abin da ɗan wasa ya ci a gasa ba riba ba ce. Ba a cire kuɗin shiga ba, wanda a manyan gasanni yakan kai dala 100,000 ko fiye a zama ɗaya, ba a cire haraji ba, ba a cire kason masu zuba jari da sukan sayi wani yanki na wasan mutum ba. Tunda kuma 'yan wasa junansu suke ci bayan gidan ya yanki nasa, ribar ƙwararru daga aljihun masu rauni take fitowa. Kasancewar gwaninta tana aiki a poka shi ne ainihin dalilin da ya sa ɗan koyo ke asara idan zama ya yi tsawo.

Akwai kuma haɗarin inda aka ajiye kuɗin. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan poka na intanet, ciki har da Full Tilt, wanda Ivey yake cikin fitattun fuskokinsa. Masu gabatar da ƙara sun ce 'yan wasa suna bin kamfanin kusan dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Ba a tuhumi Ivey da laifi ba, ya kuma ƙaurace wa gasar WSOP ta shekarar yana cewa bai dace ya yi wasa ba alhali mutane ba su samu kuɗinsu ba. Sai bayan PokerStars, wani shafin poka na intanet, ta sayi kamfanin a 2012 aka fara biyan mutane, na Amurka kuwa sai a 2014.

Ko poka caca ce ko wasan gwaninta, amsar ta danganta da wanda aka tambaya. A 2012 alƙalin tarayya Jack Weinstein na New York ya ce gwaninta ta fi sa'a rinjaye a cikinta, amma kotun sama ta soke hukuncin a 2013, tana cewa wannan bai fitar da ita daga dokar da ta hana gudanar da harkar caca ba bisa ƙa'ida ba. A fiƙihun Musulunci yawan gwaninta ba ya canza hukuncin: muddin kowane ɗan wasa ya saka kuɗi, wanda ya ci ya kwashe na sauran, malamai suna sanya shi cikin cacar da aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida suka haramta.

Su kansu ƙwararrun Amurka sun shiga sabon lissafi. Dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta tanadi cewa daga 2026 kashi 90 cikin 100 na asarar caca kawai za a iya cirewa kafin a lissafa haraji. Wanda ya ci dala miliyan 1 a shekara ya kuma rasa miliyan 1, bai samu komai ba, amma za a caje shi haraji a kan dala 100,000. Tanadin ya fi ƙuntata wa masu juya maƙudan kuɗi a kan 'yar ƙaramar riba, wato masu buga irin gasannin da Ivey ke bugawa.